Tsakanin Ɓari da Bari

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan fili naka. Ina gaishe ku gaisuwar tsoho, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Ban taɓa rubuto wasiƙa ba, karatu dai nake yi duk mako, in ga yara suna kawo kukan soyayya da rigimar gado, wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in yi tsaki in ce waɗannan ba su san damuwa ba tukuna. Yau ga shi layi ya zo kaina. Roƙona biyu ne: kada a buga sunana ko na ƙauyenmu, sannan don girman Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Wanda zai zage ni ba zan hana shi ba, amma ya sani na riga shi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan ina zagin kaina. Sunayen da za ku gani duk na aro ne.

Ni dai na ba saba'in baya, ina zaune a Gumel tun da na bar aikin dresa, wato mai wanke gyambo da ɗaure rauni a asibiti. Muna tare da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Yaya Hajo. Ita ta goya ni, don mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, kuma har gobe Auta take kirana, a gaban jikokina ma, su yi ta ƙyalƙyala dariya suna kallon furfurata. Yanzu idanunta sun tafi, sai lalube, amma kunnenta da hankalinta garau suke. In ka shigo da damuwa, daga sallamarka za ta ce me ya same ka. Abu ɗaya tak na iya ɓoye mata a duniya, shi ne kuma ya sa ni ɗaukar alƙalami yau.

Abin ya faru ne zamanin da ake shimfiɗa dogon jirgin ƙasa ta Gagarawa, lokacin ina saurayi, gemu ya fara tsiro. Aka tara lebura daga ko'ina, aka kafa musu sansani, aka kawo wani Bature likita yana duba waɗanda ƙarfe ya sara da masu kurkunu da zawo. Asibitin nasa rumfunan zana ne guda uku, da teburi, da akwatunan magani. Ni a lebura na fara, amma da yake ina da rawar kai da kaifin kunne, na tsinci 'yan kalmomin Turanci, sai ya ɗauke ni ina riƙe masa tasa, ina tafasa almakashi, ina yi masa tafinta. Shi kuwa Hausarsa ba ta wuce cikin cokali ba: zo, tafi, kawo, sannu, bari. Wannan bari ɗin ya fi ƙauna, duk wanda ya kai hannu zai sosa ciwo sai ya daka masa tsawa, bari! Ni fa a lokacin kaina ya yi girma. In na je ƙauye ana ce mini Likita, ina amsawa ba kunya, ina cika baki cewa ni da Bature ko ido muka haɗa mun fahimci juna. Ya kuma yi mini alkawari in aiki ya ƙare zai rubuta mini takarda a koya mini aikin dresa sosai. Ku riƙe wannan, don shi ne igiyar da ta ɗaure mini baki.

Yaya Hajo tana aure a ƙauyenmu, tafiyar hantsi daga sansanin. Mijinta, Malam Ilu, manomi ne mai almajirancin daidai gwargwado, mutum mai sanyin hali da taurin kai a lokaci guda. Shekararta bakwai a ɗakinsa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ta sha rubutu, ta sha jiƙo, ta sha habaici a bakin rijiya, sannan Allah Ya ba ta ciki. Ba zan manta yadda take tafiya a lokacin ba, a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, tana murmushi ita kaɗai. Cikin yana wata shida ta zame a bakin rijiya tana jan guga, kun san rijiyoyinmu na nan da zurfi, ta faɗi a kan kututturen da ake ɗora igiya. Jini ya ɓalle. Kwana biyu ungozomar ƙauyen, Inna Tabawa, tana fama, jini bai tsaya ba, abin da ke ciki kuma bai fito ba. Da na zo na ga Yaya ta yi fari fat, leɓɓanta sun bushe, sai na ce a ɗauke ta a kai wa likita. Malam Ilu ya ce sam. A wancan zamani babu mai kai mace wurin Nasara, ana ta faɗa cewa suna yankar naman mutum su ɗura a kwalba su tafi da shi ƙasarsu. Na yi dariya, na ce wannan zancen jahilci ne. Na dafa ƙirjina a gaban dattawan gidan na rantse cewa ko silin gashinta ɗaya ba za a bari a can ba, yadda aka kai ta haka za a dawo da ita da duk abin da yake nata. Da wannan rantsuwa tawa aka ɗora ta a gadon kara, mutum huɗu suka ɗauka.

Gaskiya ɗaya ce, likitan nan ya yi ƙoƙari, kuma bayan ikon Allah shi ne sanadin da Yaya take numfashi har yau. Ba na son wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya zo ya ɗora wa Bature laifinsa. Ni ban shiga inda take ba, ina ƙanenta, a bayan zana na tsaya ina juya magana tsakaninsa da Inna Tabawa wadda take riƙe da kan Yaya. Wajen azahar aka miƙo mini tasa ta gefen zana an rufe da tsumma, aka ce in kai ɗaya rumfar. Can na buɗe. Mace ce. Tsawonta bai fi daga yatsana zuwa gaban wuyan hannuna kaɗan ba, amma komai nata ya cika, har farce, har gira, ga 'yan yatsu a dunƙule a gefen kunci, ga mabiyiya a gefe. Goshinta irin na gidanmu ne, mai faɗi. Ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba. Na tsaya ina kallonta, ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishiri a bakina.

Ina nan tsaye likita ya shigo yana goge hannu. Ya leƙa tasar, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da yatsa ya tambaye ni da guntuwar Hausarsa, wannan fa? Nufinsa, yaya mutanenku suke yi da irin wannan. Ni kuma na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ɓari ne." Abin da nake shirin ƙarawa shi ne, ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla tunda bai yi kuka ba, amma ana naɗe shi a kai gida a binne. Ban kai ga nan ba. Kunnen Bature ba ya raba ɓari da bari. Sai na ga fuskarsa ta saki, ya gyaɗa kai ya ce, "Bari? To, madalla." Shi a jinsa na ce masa an bar shi, ba mai so. Ya juya ya buɗe akwati, ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki, ya ɗauko abin awo ya gwada tsawonta, ya rubuta a 'yar takarda ya manna. Malam Edita, na gane abin da ya faru tun kafin ya gama buɗe akwatin. Kalma ɗaya ce za ta gyara, a'a. Na san ta da Hausa, na san ta da Turanci. Me ya hana ni faɗa? Ban taɓa ce wa Bature a'a ba, ban taɓa ganin wanda ya ce masa ba. Na tuna takardar da ya yi mini alkawari. Na tuna in na ce bai fahimce ni ba, to wane irin tafinta ne ni? Kafin in gama wannan lissafin banza ya miƙo mini tulun wani farin ruwa mai hawa kai, ya ce zuba. Ni na zuba. Da hannuna na dama, wanda nake rubuta wannan wasiƙa da shi.

A waje kuwa Malam Ilu yana tsugune a gindin wata aduwa, ya yago ƙyallen alawayyo daga rawaninsa yana jira. Ya aiko a ce mini a ba shi abin da Allah Ya ba shi ya kai gida kafin la'asar. Nan ne shaiɗan ya kama ni da kyau, don laifin farko tsoro ne, na biyu kuwa da wayona na yi shi. Na yi karatun allo, na san hukuncin: ɗan da bai yi kuka ba, ba mai buɗe shi don wanka, naɗewa ake yi a rufe. Sai na ɗauki mabiyiyar, na ga ba ta da nauyi ko siffar da hannu zai yarda da ita, na waiga na ga wata kwalbar maganin zazzaɓi da ta ƙare, ja-ja mai kauri, tsawonta kusan ɗaya da na yarinyar. Na naɗe ta da auduga, na haɗa da mabiyiyar, na karɓo ƙyallen rawanin na ɗaure tam. Da Inna Tabawa ta miƙo hannu za ta duba, na ce likita ya ce kada a kwance, ya zuba magani mai dafi, duk wanda ya taɓa hannunsa zai salɓe. Tsohuwa ta janye hannu da sauri. Malam Ilu ya karɓa da hannu biyu, yana karanta abin da ya sawwaƙa, ya rungume a ƙirji ya kama hanya a cikin rana. Na bi bayansa, na taya shi haƙa rami a bayan ɗakin Yaya kamar yadda ake yi a lokacin, na ga ya sa a hankali yana gyara wa kwalba kwanciya ta fuskanci gabas. Da muka gama ya riƙe hannuna ya ce, Auta, ka cika alkawari, Allah Ya yi maka albarka. Na ce amin.

Kada ku ce dama ba ta sake zuwa ba, ta zo. Kwana tara kwalbar nan tana kan teburin likita, kullum da safe ni nake share rumfar, ina kawar da kai, ina jin kamar ana kallona. Yaya tana kwance a rumfa ta gaba tana farfaɗowa, zana ɗaya ce tsakaninta da 'yarta. Ran na biyar na yi ƙarfin hali na ce masa, ranka ya daɗe, wannan ta 'yar'uwata ce. Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce ya sani, ya gode, za a koya wa likitoci da ita a ceci mata da yawa. Sannan ya ce, "Kai ka ce bari, ko?" Na ce, "I, ranka ya daɗe." Ko a lokacin nan, da a ce na durƙusa na ce kuskure ne, na tabbata da ya ba ni, don ba mugun mutum ba ne. Amma da na karɓa in kai ta ina? In ce wa Malam Ilu tono, abin da muka binne kwalba ce? Ƙarya ta riga ta haifi 'yarta. Ran na tara aka sa kwalbar a akwati cikin ciyawa, aka ɗora a kan wagunun da ke komawa Kano, ni na kama wa mai ɗauka ya ɗora a ka.

Yaya ta warke, amma ba ta sake samun ciki ba har ta manyanta. Da ta koma gida abin da ta fara tambaya shi ne a nuna mata wurin. Ta dasa magarya a kai, tana ba ta ruwan alwalarta, a garin da ruwa yake da tsadar wahala. Malamai sun ce ba a raɗa wa irin wannan suna, sai ta bi, amma a bakinta tana ce mata Baƙuwa. In an yi shara ba a tara ta nan, in yara suna wasa ta kore su daga gindin, in ta yi turare sai ta kai kaskon can ta ajiye kaɗan. Wani malami ya taɓa faɗa a wurin wa'azi cewa ɗan ɓari zai ja uwarsa da igiyar cibiyarsa har Aljanna in ta yi haƙuri, to wannan magana ita Yaya ta riƙe ta yi rayuwa da ita. Da ita ta shanye gorin rashin haihuwa, da ita ta yi zaman takaba da Malam Ilu ya rasu, shi kuma ya tafi yana sa mini albarka. Abin da ya fi kashe ni shi ne, a danginmu ni kaɗai na ga fuskar yarinyar. Don haka duk shekara, musamman in an sha ruwa da azumi jiki ya yi sanyi, sai ta ce, Auta, sake faɗa mini kamanninta. In faɗa mata goshin, da girar, da 'yan yatsun a gefen kunci. Nan kam ban taɓa yi mata ƙarya ba. Sai ta yi murmushi ta ce, ai na san goshinmu za ta ɗauko. Wace irin zuciya ce da ni da na iya zama ina wannan hira shekara da shekaru?

Takardar kuwa an rubuta mini, na zama dresa, na yi aiki a asibitoci da dama har na tsufa. Na ci abinci da ita, na aurar da 'ya'ya da ita, kuma ban taɓa kallon farar rigar aikina na ji daɗi har zuciya ba. Na ga yadda ake yi da ɓari a asibiti. In dangi suna kusa kuma sun tambaya, a ba su. In ba su tambaya ba, ko uwar tana cikin magagi mijin ya tafi neman jini, sai mai shara ta haɗa da auduga da mabiyiya da sauran ƙazanta a bokiti ɗaya, a kai rami a bayan asibiti ko a ƙona. Ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi yawa, ido kuma ya saba. Ni dai ban saba ba. Ba ɓangarena ba ne ɗakin haihuwa, amma na zame musu ƙarfen ƙafa. Kullum akwai yankakken alawayyo a aljihuna, in na ji an yi ɓari sai in je in tsaya a bakin ƙofa, in naɗe, in bi mijin har bakin titi in ce malam tsaya, ga naka, kai gida ka binne. Wanda ba a samu danginsa ba in ɗauki fartanya in kai maƙabarta da kaina bayan an tashi aiki. Ma'aikata suka sa mini suna Baba Mai Likkafani, wata babbar nas ta taɓa kai ƙarata wai ina shiga sharo ba shanu. Mutane suna cewa tsoron Allah ne ya yi mini yawa. Ina ji ina sunkuyar da kai, don na san ba tsoron Allah ba ne ya fara kai ni, 'yar Yaya nake nema a cikin kowane ƙyalle.

Na ma neme ta da gaske. An taɓa tura mu kwas wani babban asibiti, aka shiga da mu wani ɗaki da ake koya wa ɗalibai, sai ga kwalabe jere a kan katako, manya da ƙanana, kowace da ɗan mutum a ciki. Abokan tafiyata suna ta mamaki suna nunawa, ni kuwa na matsa kusa da katakon. Na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya ina duba goshi. Ruwan ya yi gurɓi, takardun sun koɗe, duk sun koma kama ɗaya. Wataƙila tana cikinsu, wataƙila tana wata ƙasa, wataƙila kwalbar ta fashe tun a hanya an share. Mai kula da ɗakin ya ce, malam lafiya? Na ce warin maganin ne ya hau mini kai. Ban sani ba, Malam Edita, har yau ban san inda 'yar Yaya take ba, kuma babu wanda ya rage a duniya da zan tambaya.

Da na yi niyyar in tafi kabarina da wannan magana, in bar ta tsakanina da Ubangijina. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Watan jiya 'yan safiyo suka zo ƙauyenmu, za a fitar da sabuwar hanyar mota, suka kafa turaku suka shafa jan fenti a katangar tsohon gidan Malam Ilu. Hanyar ta bi ta kan ɗakin Yaya da magaryar nan daidai. 'Ya'yan ƙanensa da ke zaune a gidan suka zo har Gumel suka faɗa mana, suka ce an ba su zuwa bayan kasuwar Maigatari ta sama su kwashe, katafila na tafe.  Yaya ta saurare su har suka gama, sannan ta ce ita ba ta da magana a kan gida, amma mota ba za ta bi ta kan Baƙuwa ba. A tono ta a kai maƙabarta kusa da ubanta. Yaran suka ce, Iya, ai bayan shekara hamsin babu abin da za a samu, ƙasa ta cinye. Na yi caraf na goyi bayansu, har da kawo hujja irin ta ma'aikacin asibiti, wai ƙashin ɗan wata shida bai yi ƙwari ba. Ta ce ta sani, ko ƙasar wurin ce a ɗebo. Kuma ba ɗan haya zai tona ba, Auta ne zai tona, shi ya san wurin, shi ya san zurfin, ita kuma za a kai ta ta zauna a bakin ramin.

Ƙyallen rawanin ya ruɓe, na sani. Audugar ta ruɓe, mabiyiyar ta zama ƙasa tun ina saurayi. Amma kwalba ba ta ruɓa. Tana nan kwance a ƙarƙashin saiwar magarya ta fuskanci gabas, yadda Malam Ilu ya gyara mata kwanciya.

 Na je wurin wani malami da nake ganin girmansa, na yi masa tambayar a kaikaice, wai wani ne ya aiko ni. Ya ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai an nemi yafewarsa, amma kuma in faɗar za ta jawo ɓarnar da ta fi ta shirun, to a yi ta istigfari a yi wa mai haƙƙin addu'a. Na fito yadda na shiga, gaba damisa baya siyaki. Zuciya ɗaya tana ce mini, hau mota gobe ka riga su zuwa, ka ce za ka duba wurin, ka tone kwalbar ka jefa a masai, ran tafiya ka ɗebo mata ƙasa ta shafa ta ji sanyi, ta ƙarasa 'yan kwanakinta cikin salama. Wa zai sani? Amma wannan ƙarya ta uku ke nan, kuma da furfura zan yi ta, ba ni da ƙuruciyar da zan laɓe a bayanta. Ɗaya zuciyar tana cewa, durƙusa ka faɗa mata, haƙƙinta ne ta san inda 'yarta ba ta. To in na faɗa, me na ba ta? Na ƙwace mata magarya, na ƙwace mata ruwan alwalar shekara hamsin, na ƙwace mata ƙanen da ta goya, ban mayar mata da ko ƙashi ɗaya ba. Tsohuwa ce ta haura tamanin, zuciyarta ba ƙarfi. In ta faɗi a kan maganar, ni na kashe ta? In kuma ta tambaye ni, to Auta, ranar tashi a ina Baƙuwa za ta same ni ta ja ni, me zan ce? Na san Allah ba Ya ɓatan kowa, ko a kwalba ko a ƙarƙashin teku. Na sani a karatu. Amma ban san ko bakin da ya ce wa Bature i yana da ikon yi mata wannan wa'azi ba. Wani lokaci kuma ina tambayar kaina, don ita nake son faɗa, ko don in sauke kayana a kan tsohuwar da ba ta gani?

Jiya da hantsi ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta buɗe adudunta ta fito da alawayyon da ta daɗe da tanada don likkafaninta, tana auna shi da kamu. Ta sa haƙori ta yage kamu ɗaya daga gefe, ta shafa masa turarenta, ta lalubo hannuna ta damƙa mini. Ta ce a wannan za a naɗe Baƙuwa, don in sun haɗu ta gane ta da ƙamshi. Na karɓa na ce, Allah Ya yarda. Ta ce, yau kuma me ya sami muryarka? Na ce mura ce. Ta yi 'yar dariya ta ce likita da mura, sannan ta riƙe hannun nawa da kyau ta ce:

"Auta, wancan karon ina kwance aka wuce da ita, kai ka ɗauke ta, ubanta ya ɗauke ta, ni uwarta ban taɓa ta ba. Wannan karon duk abin da fartanyarka ta tono, kada ka ba kowa. Ka fara ɗora mini a tafin hannuna."

Na ce to, Yaya.

Saura kwana shida. Ƙyallen yana cikin aljihuna yanzu da nake rubutun nan, duk ɗakin ƙamshinta yake yi. Jama'a, ku da kuke da iyaye da 'yan'uwa, malamai da ma'aikatan asibiti, musamman ku mata da kuka san zafin ɓari, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. In riga ta zuwa in ɗauke kwalbar, in durƙusa in faɗa mata tun muna gida, ko in bar fartanya ta faɗi abin da na kasa faɗa in ɗora mata a hannu kamar yadda ta roƙa?

Me zan yi?